Albarkacin Kaza? Lamarin Bruce Brown da Gardamar Wani Fili a Gombe

Daren Litinin 12 ga Yuni 2023, wayewar Talata, mu tara ne ko goma a wani gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada, cikin garin Gombe. Sai da muka yi ta roƙon mai gidan kafin ya yarda ya buɗe mana da ƙarfe ɗaya na dare, shi ma da sharaɗin mu za mu sayi man janareta, don mako biyu ke nan da cire tallafin fetur, kowa yana ƙirga lita kamar zinariya. Wasa na biyar ne na zagayen ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka, Denver Nuggets da Miami Heat. Saura kusan minti ɗaya da rabi a tashi, Miami na gaba da maki ɗaya, Jamal Murray ya yi jifa ƙwallon ta ƙi shiga. Sai ga wani mai lamba 11, wanda ba ya ma cikin biyar ɗin da aka fara wasan da su, ya kutso ta tsakanin dogaye ya mayar da ita cikin kwando. Daga nan Denver ba ta sake waiwaye ba. Aka tashi 94 da 89, kofinta na farko a tarihi. Muna fitowa ladanai na shirin kiran assalatu.

Sunan mai lamba 11 ɗin Bruce Brown. Kafin wata ya zagayo ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 45 na shekara biyu da Indiana Pacers, alhali abin da yake karɓa a Denver bai wuce dala miliyan 6.5 ba a shekara. Ranar da labarin ya fito, babban kocin filinmu, wanda kowa ke kira Hamma saboda ya girme mu duka, ya ajiye kofin shayinsa ya ce: "Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Ka cire Yokic, wannan yaron ɗan amshi ne kawai."

Yokic ɗin shi ne Nikola Jokic, ɗan Sabiya mai tsawon mita 2.11, wanda aka zaɓa gwarzon gasar a 2021 da 2022, aka ƙara a 2024. Ni a ranar ban ja da Hamma ba. Sai bayan shekara biyu maganar ta dawo ta same mu har gida.

Abin da ya ta da tsohuwar magana

Muna horar da yara a wani fili na siminti a bayan wata makarantar sakandare. Kwandon gefe ɗaya ya ɗan karkace, ragarsa kuma ta daɗe da tsinkewa. Burin kowane yaro a wurin bai wuce wata rana ya sa rigar Gombe Bulls ba, a ce yau ga shi gaban Bauchi Nets ko Kano Pillars. A cikinsu akwai wani dogo da Allah ya yi wa baiwa: in ya juya wa kwando baya ya karɓi ƙwallo, mutum ɗaya ba ya iya tsare shi, dole a turo na biyu. Akwai kuma wani gajere, siriri, marar yawan magana, wanda wurin tsayuwarsa kwanar hagu ce. Da zarar mutum biyu sun rufar wa dogon, sai ya cillo masa, shi kuma ya saki jifan maki uku ba kowa a gabansa.

A dogon hutun 2025 aka yi wata 'yar gasar unguwanni, gajeren nan ya yi ta zuba ƙwallo daga kwanarsa har 'yan kallo suka fara ihu tun kafin ta bar hannunsa. Bayan gasar, wata makarantar kuɗi da ke wani gari ta aiko cewa tana son sa: karatu kyauta, wurin kwana kyauta, ya buga mata wasa. Dogon ba a neme shi ba, don ya riga ya gama sakandare.

Mahaifin yaron ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi. Ya zo filin da yamma da hularsa a hannu, ƙurar masara a kafaɗar rigarsa, ya gaisa da Hamma ya ce: "Malam, ni ban san kan wannan wasa naku ba. Ku gaya mini tsakaninku da Allah, yaron nan ya iya ne, ko kuwa bayan wancan dogon yake bi? Kada in kai shi garin mutane a dawo mini da shi bayan zango ɗaya."

Hamma ya ce, "Alhaji, ba mu mako biyu."

Da Alhaji ya tafi ya juyo gare ni: "Ka tuna Bruce Brown? Ga shi can ya koma Denver a kan mafi ƙarancin albashi. Me na gaya maka?" Abin da ya sa ke nan na zauna na bi lamarin Brown daga tushe, don in ga ko da gaske kaskon kaza ne.

Hanyar da Brown ya biyo

Detroit Pistons ce ta ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018, na 42 a layi. Abin dariya, shi kansa Yokic na 41 aka ɗauka a 2014, wato kazar da ƙadangaren duk daga bayan layi suka fito. Brown tsawonsa mita 1.93 ne, wanda a NBA gajere ne. A Detroit an san shi da tsaro da naci, amma hannunsa bai faɗa ba: shekara biyun da ya yi, abin da ke shiga cikin jifansa bai kai kashi 45 cikin 100 ba.

A 2020 aka mayar da shi Brooklyn Nets, ya tarar da Kevin Durant da Kyrie Irving, James Harden kuma ya iso a farkon 2021. Nan aka ba shi wani aiki da ba a saba ba ɗan ƙaramin jiki ba. Shi ne zai je ya tsaya ya tare wa mai gadin Harden ko Durant hanya, kamar yadda dogaye ke yi. Abokan hamayya kuwa tsoron waɗannan biyun ya sa su biyu suke bin mai ƙwallon, sai a saƙalo wa Brown ita a tsakiyar fili, ya taka ɗaya biyu ya lulla ta sama-sama. A kakar 2020/21 kusan kashi 55 cikin 100 na jifansa ya shiga. Mutumin da bai kai 45 ba jiya, yau ga shi a 55. In dai ana neman inda taurari suka kumbura alƙaluman Bruce Brown, to a Brooklyn ne, ba a Denver ba.

To me kasuwa ta ba shi bayan wannan? A 2022 Boston ta share Brooklyn 4 da 0 a zagayen farko na wasannin fitar da gwani, kwantiraginsa ya ƙare, ya fito neman ƙungiya. Abin da ya samu shi ne dala miliyan 6.5 ɗin nan ta Denver. Shekara biyu yana wasa gefen manyan taurari, amma ba wanda ya ruɗe ya zuba masa kuɗi.

A Denver aikinsa ya canza. Wani lokaci yana fili tare da Yokic, yana yankawa ta bayan masu tsaro ya karɓi ƙwallo a gindin kwando. Wani lokaci kuma, musamman a wasannin fitar da gwani, shi ake damƙa wa ƙwallo ya kawo ta daga baya idan manyan sun zauna hutawa, wato aikin da ba shi da inuwar kowa. Ya gama kakar da matsakaicin maki 11.5 a kowane wasa, kashi 48 na jifansa na shiga, na maki uku kuma kusan kashi 36. Ka lura, kason ya sauka daga na Brooklyn, don yanzu yana yin jifan da ya fi wuya. Sannan aka zo inda duniya ke kallo: maki 25 a wasa na biyar da Phoenix, maki 21 a wasa na huɗu da Miami, 11 daga ciki a zangon ƙarshe, sai ƙwallon nan da muka gani da idonmu kafin assalatu. A bikin zagaya gari da kofi, kocinsu Michael Malone ya tsaya gaban jama'a yana shelar cewa Brown ba inda za shi. Ya tafi.

A Indiana ya buga wasa 33, matsakaicin makinsa 12. Bai faɗi ba, bai kuma tashi ba. Jifan maki ukunsa ne ya ɗan ja baya zuwa wajen kashi 33. A Janairun 2024 Indiana ta haɗa shi da Jordan Nwora, ɗan wasan D'Tigers ta Najeriya, da wasu guraben zaɓen sababbin 'yan wasa, ta miƙa wa Toronto, ta karɓo Pascal Siakam ɗan Kamaru. A Toronto makinsa ya sauka ƙasa da 10, aka yi masa aiki a gwiwa, a Fabrairun 2025 aka tura shi New Orleans, a Yulin 2025 ya dawo Denver a kan kusan dala miliyan 3.

Hamma yana kallon farko da ƙarshen wannan labari ne: ya bar Yokic ya lalace, ya dawo da kai a sunkuye. Ni tsakiyar ce ta tsaya mini a rai.

Abin da tauraro ke yi wa na kusa da shi

Ba musu, akwai abin da yake yi, kuma ba sai an je Amurka za a gani ba. Mutum biyar ne ke tsare mutum biyar. Idan ɗaya ya gagari mai gadinsa aka turo na biyu, saura uku ke nan a kan huɗu, dole wani ya tsaya ba mai kula shi. Duk dabarar wasan a nan take. Mu 'yan Najeriya mun fi kowa sanin wannan, domin da haka ne Houston Rockets ta ci kofi a 1994 da 1995: ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon a gindin kwando, su Kenny Smith da Mario Elie da Robert Horry a zagaye da layin maki uku suna jiran a rufar masa ya cillo. Horry ɗin nan matsakaicin makinsa na duk rayuwar wasansa 7 ne, amma zobe bakwai ya tara na cin kofi, biyu da Olajuwon, uku a Lakers, biyu a San Antonio.

Jifan wanda ya tsaya, ƙafafunsa a shirye, ƙwallo ta zo masa daidai ƙirji, daban yake da jifan wanda ya buga ƙwallon a ƙasa sau biyar, mutum na numfashi a fuskarsa, agogon daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa na shirin ƙarewa. Hannu ɗaya ne, amma sakamakon ba ɗaya ba. Ga kuma kwana: a filin NBA layin maki uku ta gaba mita 7.24 ne daga kwando, a kwana kuwa mita 6.7, don haka ɗan amshi mai wayo can yake tarewa. Bayan wannan akwai abin da ba ya fitowa a takardar maki. Mafi iya tsaro a cikin abokan hamayya kan tauraro ake ɗora shi, ɗan amshi ya samu na huɗu ko na biyar. Kuma an sauke masa nauyin tunani. Ba shi zai yanke abin da za a yi ba, nasa biyu ne: in ta zo ya jefa, in an taso masa ya miƙa.

Yokic ya ƙara wani abu a kan wannan. Yakan tsaya can sama, ƙwallo a hannu ɗaya kamar lemo, yana hangen filin ta saman kawunan mutane. Duk wanda ya motsa ba ƙwallo zai same ta. A kakar 2022/23 yana ba da kusan fasin 10 da ake ci a kowane wasa, shi da yake ɗan tsakiya. Aaron Gordon ya yi shekaru a Orlando ana so ya zama jagora abin bai zauna ba, ya zo Denver a 2021 aka rage masa aiki zuwa tsaro da yanka da dankara ƙwallo a kwando, sai ga kashi 56 na jifansa na shiga a kakar da suka ci kofi. Gordon bai sake hannu ba. Ɗinkin ne aka rage ya zo daidai jikinsa.

Wannan shi ne abin da na yi ta ƙoƙarin fahimtar da Hamma. Ruwan kaskon gaskiya ne, amma ba kowane ƙadangare ke iya sha ba. Tsayuwa a kwana minti uku ba ka taɓa ƙwallo ba, sannan ta zo ka jefa ba gargada, sana'a ce. Sanin lokacin da mai gadinka ya juya kai ka sulale ta bayansa, sana'a ce. Yara nawa muka tsayar a kwanar nan ta hagu, dogon ya cillo musu, suka jefa ta bayan allo?

Daga ina miliyan 45 ta fito?

Nan ne lissafin Hamma ya fi rauni. In taurari ne ke kumbura farashi, me ya sa uku a Brooklyn suka haifar da miliyan 6.5, ɗaya a Denver ya haifar da miliyan 22 a shekarar farko ta kwantiragin Indiana?

Abu na farko kofi ne da fitilar da ke kansa. Wasan da aka yi a watan Janairu da daren Talata ba mai tuna shi, amma maki 11 a zangon ƙarshe na wasa na huɗu da Miami kowane mai ƙungiya ya gani. Na biyu dokar albashi. NBA tana da rufin da ta ƙayyade wa kowace ƙungiya, a kakar 2023/24 dala miliyan 136, tana kuma da ƙasan da dole a kai, kashi 90 cikin 100 na rufin. Denver ta riga ta wuce rufin, kuma da yake shekara ɗaya kawai Brown ya yi mata, doka ba ta ba ta damar ba shi fiye da kusan miliyan 7.8 ba. Indiana kuwa ƙungiyar matasa ce mai ƙaramin albashi, tana da sarari, kuma dole ma ta kashe kuɗin.

Na uku, wanda ya fi burge ni, yadda aka ɗinka kwantiragin. Shekara ta biyu, ta miliyan 23, a hannun ƙungiya take, in ta so ta riƙe in ta so ta saki. Kuma a NBA idan za ka karɓo mai babban albashi sai ka fitar da albashin da ya yi kusa da nasa. Wato Indiana ta sayi ɗan wasa mai amfani, ta kuma sayi abin musaya. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar shanu ya san mai sayen bijimi ba don noma ba, don ya ƙara kuɗi a kai ya karɓo wanda ya fi shi. Wata shida aka yi suka juya Brown ya zama Siakam. Da Siakam suka kai zagayen ƙarshe na yankin Gabas a 2024, a 2025 suka kai zagayen ƙarshe na gasar gaba ɗaya, sai a wasa na bakwai Oklahoma City ta doke su. In wannan ne ruɗewa, Allah ya ba mu irinta.

Shi ma Brown bai yi asara ba. Toronto ta riƙe shekara ta biyun, miliyan 45 ɗin ta shiga aljihunsa cif. Da ya tsaya a Denver don kara, da abin da zai samu a shekarar farko bai wuce kusan miliyan 7.8 ba.

Inda Hamma ya yi gaskiya, da inda giginya ta shigo

Don kada a ce na ɓoye, akwai misalin da ya fi na Brown goyon bayan Hamma, kuma daga ƙungiya ɗaya. Kentavious Caldwell-Pope, wanda ya sace ƙwallon da ta ƙarasa Miami a daren nan, jifan maki ukunsa a Denver kashi 42 ne a kakar farko, kusan 41 a ta biyu. A 2024 Orlando ta ba shi dala miliyan 66 na shekara uku don ya gyara mata jifa daga nesa. Ya sauka zuwa kashi 34, bayan kaka ɗaya aka tura shi Memphis. Orlando ta sayi jifan, ta manta ba ta da mai cillo ƙwallon irin na Denver. Wannan kam kaskon kaza ne, kuma laifin na mai saye ne.

Amma dubi ɗan'uwanmu Gabe Vincent, wanda ya ci maki 21 ranar da D'Tigers ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a Yulin 2021. Shi yana ɓangaren Miami a wancan zagayen ƙarshe na 2023. Makinsa na kakar bai kai 10 ba, amma a wasannin fitar da gwani ya zuba wa Boston 29 a wasa ɗaya, ya zuba wa Denver 23 a wasa na biyu. Lakers ta ba shi dala miliyan 33 na shekara uku. Ya bar Jimmy Butler, tauraron Miami a lokacin, ya koma gefen LeBron James, wato daga inuwa zuwa inuwar da ta fi ta, amma gwiwa ta hana shi, wasa 11 kacal ya buga a kakar farko. Wata biyu na zafin hannu aka saya a nan, ba albarkacin kowa ba.

Akwai kuma tauraron da inuwarsa ta giginya ce, na nesa ka sha. Wanda ke riƙe ƙwallo kullum yana buɗe wa mai tsayuwa a kwana, amma yana danne wanda shi ma gwanintarsa a riƙe ƙwallon take. Jalen Brunson a Dallas, gefen Luka Doncic, maki 16 yake ci. A 2022 Doncic ya ji ciwo gab da fara wasannin fitar da gwani, Brunson ya zuba wa Utah 41. New York ta ba shi dala miliyan 104 na shekara huɗu, mutane suka ce an yi wauta. Ya ci 24 a kakar farko, kusan 29 a ta biyu. James Harden ma daga benci yake tasowa a Oklahoma City da maki kusan 17, ya koma Houston a 2012 ya kai kusan 26 nan take. Kevin Love ya yi tafiyar a juye: 26 a Minnesota, ya zo gefen LeBron a Cleveland ya dawo 16.

Saboda haka da Hamma ya sake tambayata ko tauraro na kumbura ɗan amshi, na ce masa tambayar ta haɗa abu uku a buhu ɗaya. Kason jifan da ke shiga, e, yana ɗaga shi. Yawan maki, wani ya ƙaru wani ya ragu. Farashi kuwa, mai saye da halin da yake ciki ne ke yanka shi.

"Kai dai ka iya dogon Turanci da Hausa," in ji Hamma. "Gobe mu zaunar da dogon mu gani. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare."

Mako biyu ba dogo

Muka ce wa dogon ya huta, ya riƙe mana usur. Ranar farko abin tausayi ne. Gajeren ya tafi kwanarsa ya tsaya kamar yadda ya saba, hannuwa a buɗe, ba wanda ya waiwaye shi, don mai gadinsa ba shi da dalilin barinsa. Da ya gaji ya fito ya karɓi ƙwallo da kansa, sai muka ga abin da ba mu taɓa lura da shi ba: ba ya iya tafiya da ita ta hagu. Yaran suka gane kafin mu. Suka riƙa tare masa dama, ya yi ta jefawa a takure, tana dukan bakin ƙarfe tana dawowa. Hamma bai ce komai ba, kallona kawai yake yana murmushi.

Amma kwana uku da aka yi, murmushin ya ragu. Duk wanda muka ɗora yaron nan a kansa sai ya sha wuya, ya manne masa kamar ƙaya a zani. Ƙwallon da ta tashi daga kwando ta faɗi nesa, shi ke fara isa. Idan an juya da gudu shi ne na farko a ɗaya gefen. Waɗannan ba dogon ne ya ara masa ba, da can ma yana yi, ihun jifan kwana ne ya rufe mana ido. Sannan ga wani abin da ba mu nema ba: wani yaro da muka daɗe muna ajiyewa a benci saboda yana riƙe ƙwallo da yawa, da aka rasa wanda za a cilla wa a ciki, sai ga shi yana ratsa mutane yana raba ƙwallo kamar ya shekara yana yi. Shekara guda muna zaune da shi a ƙarƙashin giginya ba mu sani ba. Wannan laifina ne, don ni nake tsara masu shiga.

Da Alhaji ya dawo, Hamma ne ya yi magana. Ya ce: "Alhaji, ɗanka ya iya abu uku, bai iya biyu ba. Yana tsare mutum, yana da gudu, in an buɗe masa yana jefawa. Ba ya iya buɗe wa kansa, hannun hagunsa kuma na cin tuwo ne kawai. Ka tambaye su aikin da za su ba shi. In suna da wanda ake rufar wa, zai yi musu amfani tun ranar farko. In shi suke so ya ɗauki ƙungiyar, zai sha wuya."

Alhaji ya kira su a gabanmu, ya sa wayar a sifika. Wanda ya ɗauka ya ce ai sun ga yadda yake zuba maki a gasar nan, irinsa suke nema ya ja musu yara, don ba su da mai ci. Na dubi Hamma, Hamma ya dubi ƙasa.

Alhaji ya kashe wayar ya ce, "To Malam, a bar shi ke nan?"

"A'a," in ji Hamma. "Ya tafi. Karatu kyauta ba a mayar da shi. Sai dai ka sa su rubuta maka cewa karatun ba ya rataye da yawan makin da ya ci."

A hanyar gida na ce masa, "Hamma, ashe kai ma da kai ne Brown da ka karɓi miliyan 45 ɗin." Ya ce in rufe masa baki.

An rubuta takardar, yaron ya tafi da aka koma makaranta. Bayan mako shida ya kira ni da wayar wani malaminsu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Koc, a nan ba mai cillo mini. Ni nake kawo ta tun daga baya, kuma sun gane hagun." Na tambaye shi ko yana so ya dawo. Ya ce a'a, atisayen hannun hagu yake so in turo masa, wanda mutum zai iya yi shi kaɗai da bango, don bayan sallar asuba filin ba kowa. Na ɗauki bidiyo uku a filinmu da yamma, wanda ya nuna motsin kuwa yaron nan ne na benci, dogon na riƙe da wayar.